Karatun Da Malam Ya So Ya Tsallake

Ni ban yi nisa a makaranta ba, amma shekarar coci na san ta kamar yadda na san tukwanena. Ni ke wanke mayafan bagade, wato teburin ibada na gaban coci. In na ga an shimfiɗa shunayya, to ko ana jiran Kirsimeti ko Azumin coci ya kama. Fari na Ista ne. Kore kuwa shi ne mai daɗewa, yakan cinye damina kaf. Sauran abin da na sani, a tsakar gidanmu na Gyadi-Gyadi na tsince shi, daga bakin maigidana.

Tela ne a kasuwar Tarauni, ran Lahadi kuma katikis, shi ke wa'azi a ɗan cocinmu duk ranar da Fada, limaminmu, bai samu zuwa ba. Malam nake ce masa, kamar kowa. Kowace Asabar da la'asar zai jawo kujera, ina tsintar shinkafa, ya karanta min karatun gobe, sannan ya gwada wa'azinsa a kaina. Ba ya tambayata ko ya yi daɗi. Hannuna yake kallo. In ya tsaya a kan tire, maganar ta shiga. In na ci gaba da tsinta sai ya ce, "To, tsakuwa ta fi ni," ya sake daga farko.

A tsarinmu ba mai wa'azi ke zaɓen karatu ba. An riga an jera su, kowace Lahadi da nata, abin da ya faɗo maka shi za ka ɗauka. Malam yakan ce hakan ya fi, don in an bar mutum da kansa, inda yake jin daɗi kawai zai riƙa buɗewa.

Wata damina autarmu ta rasu a asibitin koyarwa, bayan zazzaɓin da bai daɗe ba. Maƙwabta suka yi ta kawo abinci kwanakin zaman makoki, sannan kowa ya koma harkarsa, ban da Inna. Tsohuwa ce Musulma da ta baro ƙauye ta zauna wurin ɗanta mai tuƙa Adaidaita, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Kullum sai kwanonta ya shigo da sunan na Malam ne, kullum kuma sai ya koma yadda ya zo. Malam ya rame har wando ba ya zama a ƙugunsa, shi da yake tela.

Ba a rufa wata ba sai Fada ya aiko cewa Malam ne zai tsaya ran Lahadi. Asabar ta zo, ya jawo kujera, ya buɗe littafin, ya rufe.

"Mene ne, Malam?"

"Na mutumin nan ne da 'yarsa ta mutu, Almasihu ya je har gida ya tashe ta." Ya juyar da fuska. "Da wane bakin zan gaya wa jama'a an tashi 'yar wani? Zan aika wa Fada ya nemi wani. Ba na gobe kaɗai ba, gaba ɗaya."

Na san mijina. In ya ajiye wannan aikin, ba abin da zai sake ɗauka.

Ba ni da hujjar da zan ba shi, ni ma raina a jagule yake. Na ce, "Aika, ban hana ka ba. Amma yau Asabar, gidan nan ya yi min shiru da yawa. Karanta min kawai in ji murya."

Ya karanta. Muryar na karyewa yana ɗaurawa. Ni tun daga inda aka zo aka ce wa uban yarinyar ta riga ta mutu, ya daina wahalar da Almasihu, hannuna ya tsaya. Ya kai ƙarshe, wurin da bayan yarinyar ta miƙe aka umarci iyayen su ba ta abinci. Ya maimaita wurin a hankali, kamar bai taɓa ganinsa ba.

Muna nan zaune sai ga sallamar Inna, ta rufa kwano da gefen mayafinta saboda yayyafi. Dambu ne da zogale.

"Malamin coci, yau ma kwanona a cike zai koma? Wallahi ka fara ba ni kunya a unguwa, ana cewa ban iya girki ba."

"Inna, ba haka ba ne."

"To yaya ne? Ni na binne 'ya'ya uku, kuma ga ni ina tauna da haƙoran da suka rage. Wadda ta tafi tana hannun Allah. Kai kana hannunmu. Wanke hannu."

Ta zauna a bakin ƙofa ta tsare shi da ido har ya ci rabi, hawaye na sauka a cikin kwanon. Bai aika wa Fada ba.

Washegari ya tsaya a gaban koren mayafin da na goge. Ya ce bai san dalilin da ya sa aka tashi waccan ba a tashi tasa ba, kuma ba zai yi musu ƙaryar ya sani ba. Abin da ya gani shi ne, wanda ya yi babban aikin bai haɗa da ƙaramin ba, ya bar wa mutane su ciyar. Ya ce shi ma an aiko masa da nasa kwanon, ta kan katanga. Wa'azin gajere ne, ban taɓa jin coci ya yi tsit haka ba.

Karatun nan yana zagayowa duk bayan shekara uku, a damina, kuma har yau Malam bai tsallake shi ba. Inna ta koma ƙauye, ciwon ƙafa ya hana ta zaman birni. Duk ranar da ɗanta zai je, ina yin dambu in ba shi ya kai mata. Saƙonta ɗaya ne ke dawowa da kwanon: wai zogalen ya yi kaɗan, kuma Malamin coci yana cin abinci kuwa?