Bernice a Ƙofar Baya

Shekara talatin da ɗaya Bernice Wojtas ta yi tana wankin zannuwan gado a wani otal a nan Toledo, har zanen yatsunta ya shafe. Ƙungiyarsu ta masu wanki da shara ba ta kai mutum ɗari biyu ba. Tamu ta masu aikin lantarki kuwa dubbai ce, amma duk a ƙarƙashin uwar ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa muke, kuma a taron reshe na wata-wata kujerarta na kusa da tawa. Ni ne na laƙaba musu suna Rundunar Sabulu, kowa ya ɗauka.

Ita kam ba ta ware ƙungiyar kowa. Direbobi, malaman makaranta, masu gasa burodi, duk wanda ya shiga yajin aiki zai ga Bernice da kwalinta na zanga-zanga. Lokacin namu yajin, sati tara ta yi tare da mu cikin ƙanƙara.

Da nasu yajin ya zo, doka ɗaya ce, ko ɗan jiya ya san ta: ɗan ƙungiya ba ya ƙetare layin masu yaji, ko na wace ƙungiya ce. A sati na biyu wutar ɗakin wanki ta lalace. Injina suka tsaya, ma'aikatan hayar da otal ya kwaso a madadinsu suka zauna suna hamma, manaja ya fara neman sulhu. Sai mai kamfaninmu ya kira ni, wai in je in gyara, aikin minti ashirin ne, wa zai gani?

Na tuɓe rigar sanyina mai tambarin ƙungiya, na cusa ta ƙarƙashin kujerar mota, na zaga ta baya. Ban san nan masu yajin suke ajiye masu ciwon gwiwa ba, saboda akwai dakali. Ga Bernice zaune a kai.

"A'a, ɗan'uwa Leonard!" in ji Bernice. "Yau zafi kake ji?"

"Jinina ne mai gudu, 'yar'uwa."

"Ga kwali, riƙe min. Hannuna ya sage."

"Ai... fitsari kawai zan shiga in yi."

Ta dubi akwatin kayan aikina. "Da sukundireba kake yin naka?"

Ba ta tare ƙofa ba. Ƙafarta ma ta janye don in wuce. Na kuwa wuce. Minti goma sha bakwai na yi, ina fitowa injina na ruri a bayana.

Manaja ya fasa sulhu. Bayan sati uku suka koma aiki ba tare da inshorar asibitin da suka fita dominta ba.

A taron reshe shugaba ya buga tebur, ya ce a faɗi sunan wanda ya gyara wutar, a rubuta wa ƙungiyarsa ta karɓe katinsa. Ya dubi Bernice, tunda ita ke ƙofar baya.

"Na ga mutum ya shiga," ta ce. "Amma ba ɗan ƙungiya ba ne."

Katina na nan a aljihuna har yau. Bernice ta yi ritaya bara, tana dogara sanda, gwiwar ba a yi mata aikin ba. In muka haɗu a kanti tana gaishe ni sosai, har ta tambayi iyali. Sai dai yanzu Mista Gorski take ce min, ba ɗan'uwa Leonard ba.