Ranar da Na Kushe Jar Mota

Shekara arba'in da ɗoriya na yi ina saye da sayar da shanu a karar Mafara, kuma abin da na fara koya a wurin mahaifina shi ne ba a yabon dabbar da ake so. In bijimi ya kwanta maka a rai, sai ka ɓata fuska, ka taɓa ƙugunsa ka ce ya rame, ka buɗe bakinsa ka ce ya tsufa. In mai shi ya ƙi saukowa, ka juya ka kama hanya a hankali, kunnenka na baya, har ya kira ka. Duk wanda ya tashi a kara ya san wannan ba ƙi ba ne, ciniki ne.

Ɗana na fari bai tashi a kara ba. Mahaifiyarsa ta rasu yana ɗan shekara shida, kawunsa, malami a Maradun, ya ɗauke shi, ni kuma na bari don ya fi mini sauƙi. Can ya yi allo, ya yi boko, har ya zama malamin makaranta a Bakura. A gidan kawun nan, abin da baki ya faɗa shi ake nufi. Ni kuwa ko na je ganinsa ba na kiran sunansa, ba na zaunar da shi kusa, saboda kunyar ɗan fari. Iyakata in ce, "Kai, ana karatu?" Ya ce, "Ana yi, Baba."

Wata Talata, bayan kasuwa ta fara watsewa, ya same ni ina wanke ƙafa. Ya durƙusa, muka gaisa, sannan ya ce, "Baba, akwai wata mota ta hannu da na gani nan bakin titi. Ina son ka taho ka yi mini cinikinta." Tun da aka haife shi bai taɓa roƙona komai ba sai ranar.

Ƙarama ce, ja, ƙofa biyu, bayanta a guntule da murfin da ake ɗagawa sama. A hanya ya yi ta ba ni labari, shi da ba ya yawan magana. Wata uku yana dubawa. Ya ga wata babba mai araha amma tana shan mai kamar rijiya ta fashe, ya ga wata mai ƙyalli da bakanike ya ce an taɓa sauke mata inji. Wannan kuwa giyar hannu ce, kayan gyaranta ba sa wuya, kuma injinta ya fi ƙarfin jikinta.

Mai motar ya ba mu makulli, muka hau hanyar Bakura don gwaji. Da muka fita gari ɗana ya taka ta, na ji an manna bayana da kujera, hulata ta zame ta rufe mini ido. Ya yi dariya, irin ta mahaifiyarsa, da kafaɗa take fara fita. Motar ta shiga raina nan take. Saboda haka kafin mu dawo na riga na ɗaure fuska.

Na zagaya ta sau biyu, na harbi taya. Na ce, "Wagga ita ce motar? Ko tunkiya ba ta ɗauka. Motar yara ce marasa aikin yi. Mutumin kirki mai iyali mi zai yi da wagga? Duk wanda ya zaɓe ta bai san abin da yake yi ba."

Mai motar ɗan mahauta ne, ya san karatun. Ya yi murmushi ya ce, "Alhaji, saura ka buɗe mata baki ka ƙirga haƙora."

Ɗana ya ajiye makulli a kan bonet. Ya ce, "To Baba, a bar ta." Ya juya ya tafi.

Wallahi daɗi na ji. Na ce a raina ashe jini bai ɓata ba, yaron ya san juyawa ba tare da an koya masa ba. Na bi bayansa a hankali. Ban yi taku goma ba mai motar ya ce, "Alhaji, dawo, na sallama." Na ɗaga kai in yafito ɗana, sai na ga ya riga ya tada babur ɗin da ya zo a kai ya hau titi.

Bakura ba nisa. Da na so, kafin magariba da na isa. Ban je ba. Na ce ai uba ba ya bin ɗa da bayani, zai dawo. Kafin Talata ta zagayo an sayar da motar. Damina biyu ya ƙara a kan babur. Duk Juma'a yana zuwa gaishe ni, bai taɓa ambaton mota ba, ni ma ban ambata ba.

Matarsa ce ta buɗe mini ido, ranar da ta kawo mini fura ina fama da zazzaɓi. Kanta a sunkuye ta ce, "Baba, har yau hoton jar motar nan yana cikin wayarsa. Ya ce tunda ka ce ba ta mutumin kirki ba ce, shi ke nan." Sai a lokacin na maimaita maganata a raina, na ji ta yadda ya ji ta. Ni da mai mota nake magana, shi kuwa ya ji ubansa ya faɗa a gaban mutane cewa bai san abin da yake yi ba.

Da na samu sauƙi na shiga motar haya zuwa Bakura, na zauna a gindin bishiyar dogon yaro ta makarantarsu har aka tashi. Ya firgita da ya gan ni, ya zaci rasuwa aka yi. Na ce ya zauna, kusa. Bayanin bai fito mini da kyau ba. Na dai gaya masa yadda muke yi a kara, cewa wadda muka fi so ita muka fi kushewa, kuma motar nan ta burge ni tun kafin hulata ta faɗi.

Sai ya ce, "Ashe ni ma cinikina aka yi ta yi duk shekarun nan, Baba."

Na ce, "Haka ne. Na juya ina jiran a kira ni, na manta kai yaro ne." Na roƙe shi gafara. Ya ce ba a haka tsakanin ɗa da uba, amma na ga kafaɗarsa ta sauko.

Bayan sallar layya muka samu wata irinta, ruwan toka, ta ɗan fi waccan tsufa. Na tsaya gaban mai ita na ce da ƙarfi, "Wagga mota ta yi, kuma wanda ya zaɓe ta ya san abin da yake yi." Mutumin bai rage ko kwabo ba. Har yau abokaina a kara suna yi mini tsiya, wai tsufa ya cinye mini ciniki.

Yanzu in ya zo ranar Juma'a, wani lokaci mukan wuce Maradun gaida kawunsa. Da mun fita gari sai ya dube ni ta gefen ido, ni kuma in cire hulata in riƙe a hannu.