Muryar Nasiru a Hannun Wasu

A wannan watan ne aminina Nasiru ya cika shekara tara a ƙarƙashin ƙasa. A nan Alƙahira muka binne shi, bayan jinyar kwana huɗu. Mun yi shekara biyar a ɗaki ɗaya a unguwar Abbasiya muna karatun addini, ya tafi ya bar matarsa a Katsina da 'yarsu Hauwa'u, wadda a lokacin ko yaye ta ba a yi ba.

Nasiru ya fi mu Turanci nesa ba kusa ba, don haka da yamma yakan je wata cibiyar koyar da harsuna a Madinat Nasr. Ɗalibansa 'ya'yan Sinawa ne 'yan kasuwa, 'yan sakandare masu shirin jarrabawa. Aikinsa ya karanta musu labari da Turanci, su saurara, su amsa tambayoyi. Juya su yake yi su fuskanci bango don kada su dubi bakinsa. Mukan zolaye shi da cewa Bakatsine ne zai gyara wa mutanen Sin Turancin Bature, shi kuwa ya yi dariya ya ce ai kunne ba shi da ƙabila. Daga baya cibiyar ta naɗi muryarsa a wasu darussa, mu ma ba mu ɗauki abin da muhimmanci ba.

Bana Hauwa'u ta kira ni a waya. "Baffa, an ce an taɓa naɗar muryar Babana. Ina so in ji yadda yake magana." Na ce mata in sha Allahu, na kuwa faɗa da ƙarfin gwiwa.

Na je cibiyar. Ta sauya hannu, sabon mai ita ya karɓe ni da fara'ar da ta yi mini yawa. Kafin in gama bayani ya tura mini darussa talatin a waya. Ni dai na san Nasiru bai naɗi fiye da goma ba, domin ni nake raka shi. A cikin jirgin ƙasa na metro na sa abin ji a kunne, sai ga muryarsa tar, har hawaye ya zubo mini a gaban mutane. Da na kai darasi na bakwai sai jikina ya yi sanyi. Nasiru ne yake karanta labarin yaran da korona ta tsare a gida suna karatu ta waya, alhali ya rasu shekaru kafin a san sunan cutar.

Na koma na tambayi mutumin. Ya ɗaga kafaɗa. "Ma'alish, yi haƙuri ya ustaz, haka muka gaje su. Yaran suna son muryar, khalas, shi ke nan." Na ce to waɗanne ne na asali? Ya ce bai sani ba. Wataƙila gaskiya ya faɗa. An ce zato zunubi, amma ruwa ba ya tsami banza, kuma ban ga alamar tambayar ta zo masa a baƙuwa ba. Wani ya ɗauki muryar mamaci ya ba na'ura ta koya, tana ta karanta abin da aka ga dama.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na yi mako biyu ina saurare, na kasa tantancewa. Ni da na san tarinsa da minsharinsa! Yau in ce na uku nasa ne, gobe in ji wani numfashi da bai kwanta mini ba. Har na fara zargin kunnena, ina tambayar kaina ko muryar da nake riƙe da ita a zuciya ma tasa ce.

Da yana raye, na san abin da zai ce. Yakan gargaɗi ɗalibansa cewa amsar da ta kwaikwayi kalmomin labari sak, ita ce tarko. Mutum ne da ko hadisi ba ya kawowa sai ya san wanda ya ruwaito shi, ina zai yarda a sa masa magana a baki? Kama da wane ba ta wane.

Na nemo wata tsohuwar ɗalibarsa, Maryam, Musulma 'yar Sin da ke aikin tafinta a unguwar Dokki. Ita ma ta saurara ta girgiza kai, ta ce ba za ta iya rantsuwa a kan ko ɗaya ba. Amma ta tuna yadda ya maimaita mata labari guda sau shida ranar da ta fashe da kuka, bai ɗaga murya ba. Na haɗa ta da Hauwa'u, suka yi awa guda suna hira da Turancin da Nasiru ya koya wa Maryam. Wannan kam nasa ne, ba ni da shakka a kai.

Darussan talatin suna nan a wayata, ban goge ba, ban kuma tura ba. Na gaya wa Hauwa'u gaskiya, na san na karya mata zuciya. Allah Ya jiƙan Nasiru, Ya yafe mini idan na yi kuskure. Na gwammace 'yarsa ta girma ba ta san muryarsa ba, da ta kira na'ura Baba.