Finjalin da Aka Cika wa Bashorat

A ƙauyenmu na bayan garin Parkent, inda gonakin inabi ke hawa dutse, in ka ce kana neman Bashorat za a tambaye ka wacce, amma in ka ce matar Eshkobil mai bakin nan, nan take za a nuna maka ƙofar gidan. Gajeruwa ce kakkaura, tafin hannunta kullum da launin wani abu: rawayar karas da rani, jan inabi da kaka. Uwarta takan ce bakinta ya riga ƙafarta fara tafiya, kuma har ta tsufa ba ta ƙaryata uwar ba.

A gonar gwamnati suka haɗu da Eshkobil, zamanin da kowace gona ta gwamnati ce. Ita tana tsinkar inabi, shi yana tuƙa tarakta. Mutum ne mai sanyin hali, mai son dariya, ga tsoron rina kamar me. In rina ɗaya ta shigo ɗaki, sai ya tuna yana da aiki a bayan gida. Suka haifi 'ya'ya uku, Davron da ƙannensa, suka aurar, birni ya kwashe su. Ta yi masa faɗa iya faɗa tsawon zamansu, shi kuwa yana dariya, kuma ko da wasa ba ta taɓa barin wani ya faɗi aibinsa a gabanta ba.

Eshkobil yana da majalisa, shi da sa'anninsa da suka tashi tare. Duk ƙarshen wata sukan haɗu a gidan shayin Jumanazar da ke bakin rafi, kan faffaɗan gadon katakon nan da ake zaman hira a kai, a ƙarƙashin rumfar inabi. Wanda zagaye ya zo kansa shi ke kawo shinkafa da naman rago da kitse da karas da abin sha, kuma shi zai tsaya kan tukunyar gidan ya dafa musu osh, dafa-dukar da ba ma zama ba ita. Mazanmu kenan. A gida ko ruwan zafi ba za su ɗora ba, amma a bakin rafi kowa gwanin girki ne.

Duk ranar da zagaye ya zo kan Eshkobil, Bashorat ce ke tashi da asuba ta yanka karas siri-siri, ta tsince shinkafa, ta sauka ɗakin ƙasa ta ɗebo giyar inabi daga randa. Ta ɗora masa a baro, ya tura ya tafi yana fito. Da la'asar ya dawo da ƙanshin hayaƙi a riga, da ɗan ƙunshi a hannu: ragowar osh cikin gurasa, ya yi sanyi, kitsen ya daskare ya yi fari.

"Ga rabonki, uwar Davron. Wata rana sai na kai ki kin zauna bakin rafin nan kin ci da zafinsa."

"Wata ranar nan taka, ko rarrafe take yi ai da ta iso," in ji ta, tana karɓa.

Ba wata doka ce ta hana ba. A Tashkent, babban birni, mata suna cika gidajen abinci, har su kira mai kawowa su ce miya ta yi gishiri. Amma gadon bakin rafi na maza ne tun kakanni, ba a taɓa cewa mace kar ta hau ba, ba a kuma taɓa ganin ta hau ba. Bashorat ta ci abincin biki da na suna da na sadaka, mafi yawa a tsaye, da ludayi a ɗaya hannun. Ta zauna a kawo mata, wannan kam ba ta san shi ba.

Da bazara Eshkobil ya kwanta ciwon kwana kaɗan, ya tafi bai cika alkawari ba. Ta yi kukanta, ta yi takabarta. Kaka ta kama, zagaye ya kusa zuwa kansa, sai matar Holmurod, ɗaya daga cikin 'yan majalisar, ta faɗa mata a bakin tanderu cewa mazan sun yi shawara: za su karanta masa fatiha su tsallake ranarsa, na gaba ya karɓa.

"Su tsallake?" Bashorat ta ce. "Kwata ce?"

Da ɗanta Davron ya ji abin da take shiryawa, ya bugo waya daga birni. "Inna, don Allah kar ki jawo mana magana. Ki aika musu da kayan kawai."

"Na aika shekara arba'in. Gaishe min da yaran," ta ce, ta kashe wayar.

Ranar da hantsi ta ɗaura ɗankwalinta na biki, ta loda baron nan dai na kullum, ta turo shi ta tsakiyar gari. Jumanazar mai gidan shayi ya hango ta, ya taho da sauri yana goge hannu a tawul.

"A'a, Yaya Bashorat, da kanki? Kawo, kawo. Allah ya kai ladan kabarinsa. Koma gida ki huta, za a kawo miki naki."

"Nawa ya gaji da tafiya gida, Jumanazar. Yau ni na zo wurinsa."

Ta bar masa baron. Ta cire takalmi, ta dafa gwiwa, ta hau gadon. Tsofaffi shida suna kishingiɗe kan matasai, hira ta tsaya cak. Wurin Eshkobil ba ɓoyayye ba ne, ya sha ba ta labarinsa: jikin ginshiƙi, fuska ga rafi. Ba wanda ya zauna a wurin tun rasuwarsa. Ta zauna, ta gyara siket, ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya da sunan kowa.

Babbansu Turdiali ne, wanda ya yi musu shugaban aiki a gonar gwamnati, yanzu ya tsayar da gemu ya riƙi carbi. Bai ce mata ta tashi ba, don ba a korar baƙo da baki. Butar shayi ya jawo. Kowa ya san wanda ake so ya zauna, ɗan kaɗan ake zuba masa a gindin finjali, don ya yi ta miƙowa ana ƙara masa, hira na tafiya. Turdiali ya zuba, ya zuba, har shayin ya kawo baki yana rawa. Ya miƙa mata da hannu ɗaya a ƙirji, da ladabi kamar gaske. Ma'anar a fili take: shanye ki kama hanya.

Bashorat ta karɓa da hannu biyu, ko ɗigo bai zuba ba. Ta ajiye shi a gabanta.

"Sha mana, ƙanwata."

"Da zafi, Yaya Turdiali. Sai ya huce."

Turdiali ya ja carbi, ya sake dabara. "To, tunda kin ce ranar marigayi ce, ai mai rana shi ke tsayawa kan tukunya. Ga ta can, an hura wuta."

"Na yi girkin da zai ishe ni har lahira. Yau ci na zo yi." Ta juya ga Holmurod, wani siririn tsoho mai haƙorin zinare. "Kai, shekarar da ka faɗo daga tsani ka karye a hannu, wa ya tsaya maka kan tukunya?"

"Eshkobil ne."

"To zaman me kake yi?"

Holmurod ya dubi Turdiali, ya dube ta, dariya ta ƙwace masa. "Wallahi yanzu na gane abin da ya sa mutumin nan ba ya ɗokin komawa gida!" Ya sauka yana naɗe hannun riga.

Ba a jima ba ƙanshin kitse da albasa ya cika wurin. Jumanazar ya kawo gurasa mai zafi da yankakken tumatir, ya ajiye ba tare da ya dubi kowa ba. Bashorat ta miƙe ƙafa. Hannayenta sun rasa abin yi, sai ta danne su da cinya don kar su tashi su fara gyara faranti. Ashe daga nan ana ganin dutsen da ƙanƙara a kansa, ashe iskar rafin har cikin riga take shiga. Haushin Eshkobil ya kama ta, kewarsa ta biyo baya ta fi haushin ciwo.

"Shayinki ya huce," in ji Turdiali.

"Ya yi sanyi kuma. Na ci mai sanyi ya ishe ni."

Jumanazar ya juye giyar inabin cikin farar butar shayi kamar yadda aka saba, don masu wucewa masallaci su ɗauka shayi ake sha. Bashorat ta bi butar da kallo ta ce, "Allah dai yana ganin cikin buta." Wani ya yi tari, wani ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, amma ba wanda ya janye finjalinsa. Aka zuba wa kowa ban da ita, tunda nata a cike yake.

Turdiali ya kurɓa, ya lumshe ido. Muryarsa ta canza, don shi ma ya yi rashin aboki. "Ta ƙarshe kenan. Hannun da ya matse wannan ya shiga ƙasa, ba za mu ƙara shan irinta ba."

"Hannun yana nan," Bashorat ta ce. Ta buɗe tafukanta a kan ledar cin abinci, jajaye har cikin farce, don ta bana ma tana cikin randa. "Eshkobil da ke gudun rina ɗaya, shi zai sa hannu cikin kwandon inabi? Ko randar bai san inda murfinta yake ba."

Ta zaci za su yi mamaki. Sai ta ji Holmurod daga wajen tukunya yana ƙyaƙyata dariya. "Haba Bashorat, wa bai sani ba? Tun shekarar farko muka sani! Muna yabonsa ne don ya ji daɗi, shi ma ya san mun sani."

Wannan ce ta soke ta, fiye da cikakken finjalin.

"Kun sani?" Ta bi su da ido ɗaya bayan ɗaya. "Shekara da shekaru kuna sha kuna lashe baki, kun san hannun da ya yi, ba wanda ya taɓa cewa a gai da uwar Davron da aiki? Yau na zo, abin da kuka ga ya dace da ni kenan?" Ta nuna finjalin da haɓa.

Holmurod ya daina dariya. Turdiali ya daɗe yana kallon shayin nan da ya yi sanyi. Can ya miƙa hannu ya ɗauke shi, ya juya ya zubar a gindin inabin rumfar. Ya ɗauki farar butar, ya zuba ɗan kaɗan, iyakar abin da ya rufe gindin finjalin, ya miƙa mata. Ta shanye, ta miƙa masa, ya ƙara.

Da azahar ta gabato aka kawo osh a babban faranti, tururi na tashi, nama a sama, tafarnuwa a tsakiya. Suka jira ta. Ta sa hannu ta dunƙula, ya ƙona mata yatsu, ta kai baki. Kitsen da ta sani fari a daskare, ashe narkewa yake yi a harshe.

"Yaya kika ji?" Holmurod ya tambaya.

"Shinkafar ta so ta caɓe," ta ce, tana ƙara wata lomar. Idonta ya kawo ruwa, ta ce hayaƙi ne.

Da aka ƙoshi aka shafa fatiha ga Eshkobil. Kowane tsoho ya jawo gurasa yana ƙunshe ragowa don na gida, kamar kullum. Bashorat ma ta jawo tata, ta zuba, ta naɗe gefe ɗaya, ta naɗe ɗayan, sannan hannunta ya tsaya. Ba kowa a gidan da za ta miƙa wa ta ce ga rabonka.

Mazan suka sunkuyar da kai. Ita kuwa ta warware gurasar a hankali, ta cinye abin da ke ciki nan inda take zaune, tun da sauran ɗuminsa. Ta goge hannu, ta tura finjalinta gaban Turdiali.

"Wata mai zuwa ranar wa ce?"