Muryar Da Ta Fice Daga Sabar

Masu karatu, wannan abu a gabana ya faru, wallahi ba ji na yi ba. Shekarun baya ina da ɗan shagon kwamfuta a Isa, kusa da tashar motocin Sakkwato, kuma ban da buga takardu ina kula wa mutane da shafukansu na intanet. Aikin ba wuya gare shi ba, in shafi ya faɗi sai in shiga kwanturol fanel, wato inda ake sarrafa sabar, babbar kwamfutar da shafin ke zaune a kai, in ga abin da ya cika ko ya lalace, in gyara.

Cikin masu kawo mini aiki akwai Malam Bube, malamin firamare daga Gangara. Mahaifiyarsa zabiya ce, mai waƙar daka da ta biki, shi kuma ya riƙa ɗaukar muryarta da waya, muka zuba a shafi don Gobirawan da ke nesa su ji. Bayan ta rasu aka sace wayar, sai ya zama duk duniya babu inda muryar tsohuwar ta rage sai a wurina.

Wata ranar kasuwa da hantsi ya shigo ya ce waƙoƙin sun daina yi. Na shiga fanel na tarar da foldar da waƙoƙin ke ciki wayam, na duba wanda ya shiga ya goge, babu kowa. Ban damu ba, don ina da bakof, kwafin ko-ta-kwana ke nan. Na mayar, fayilolin suka dawo da sunayensu da nauyinsu. Har na fara yi masa tsiya, na ce malami guda da saurin firgita.

Na danna ta farko. Ga ƙarar taɓarya, ga kukan kaji, ga mata suna amshi, amma inda ya kamata tsohuwar ta ba da waƙa, shiru. Su amsa, a yi shiru daidai tsawon baitinta, su sake amsawa, kuma in ka kasa kunne kana jin numfashin mutum dab da wayar. Na gwada sauran, haka. Na ɗauko filashin da na kwafe su tun tana da rai, wanda ke kulle a durowa, shi ma haka. Nan na san ba aikin na'ura ba ne, don sabar tana iya cinye fayil, amma ba ta iya zare murya ɗaya ta bar sauran.

Na ce, "Malam, akwai abin da ba ka gaya mini ba?"

Ya ce, "Da ciwo yak kama Inna, tac ce ta tuba da waƙa, in kashe su duka kahin a kai ta makwanci. Nac ce to. Amma ban iya ba, su ɗai sunka rage mani."

"Za ni tambayi masu sabar, ko suna da wani kwafi."

"Bari wahal da kanka. Mai abu ta amshi abinta."

Duk da haka na tambaya, suka turo nasu, shi ma babu ita. Malam Bube ya ba ni tausayi ƙwarai. Ya ce in zuba masa su haka nan a sabuwar wayarsa, an ce har yau yakan kunna, ya zauna yana sauraron wurin da take yin shiru.

Ni dai ban san mene ne ba. Amma in mamaci ya bar muku wasiyya, ku cika ta da hannunku, kada ku bari a cika muku.