Miro Quaresma, Mai Waƙar Jakin Barikin Soja, Ya Kwanta Dama

Ranar Talata, 11 ga Maris, 2025, ana cikin share titunan birnin Recife bayan kanibal, bikin kiɗa da rawa na shekara-shekara, Neusa matarka ta kira ni. Ta ce, "Dalva, yayanki ya tafi." Ai kuwa na nemi wuri na zauna.

Valdomiro Quaresma, duk garin nan Miro suke kiranka. Na fara ganinka zamanin mulkin soja, a wata 'yar mashaya kusa da kasuwar kifi, kana waƙar jakin da aka rataya wa lambar girma, washegari ya hana sauran dabbobi kuka. Mutane na dariya suna waiwayen ƙofa. Ba a jima ba aka zo aka tafi da kai.

Kai da bakinka ka ba mu labarin yadda hafsan sojan da ya tuhume ka ya buga tebur ya ce, "Wane ne jakin?"

Ka ce, "Ranka ya daɗe, ni dai jaki na yi wa waƙa. Ban san yana da dangi a nan ba."

Sun karya maka yatsun hannun hagu. Ba ka sake kaɗa jita ba har ka bar duniya. Da ka fito, ka same ni ina ɗan kiɗa a coci, ka ɗaga hannun nan naɗe da bandeji ka ce, "Ƙanwata, ki ara mini naki, nawa sun tafi aikin gwamnati." Tun daga ranar nake bayanka a kan dandamali ina kaɗa maka jita, kana zagin gwamna da ɗan majalisa cikin waƙa, talaka na dariya har da hawaye.

Jama'a sun san bakinka, ni kuwa na san zuciyarka. Shekarar da ɗana Edvaldo ya nutse a teku, na rufe ƙofa na ce na bar kiɗa. Ba ka yi mini wa'azi ba, ba ka kuma yi barkwanci ba. Kullum da rana za ka zo da wake da shinkafar da Neusa ta dafa, ka zauna a bakin ƙofa har sai na ci. Haka ka yi ta yi har na sake ɗaukar jita.

Da ciwon maƙogwaro ya kama ka, likitoci suka cire abin da kake magana da shi. Na ɗauka shi ke nan. Sai ga ka kana zagaya gadajen marasa lafiya kana kwaikwayon tafiyar babban likita, har wata tsohuwa ta roƙe ka ka bari, ɗinkinta zai warware.

A maƙabarta, 'yarka Iracema ta faɗa mana ka hana a yi maka kuka. Ka yafe mana, Miro. Masu sayar da kifi ne suka fara kukan, mu kuma muka kasa riƙewa.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya sa ka huta. Yaya Neusa, Iracema da jikoki, Allah Ya ba ku haƙuri, Ya dafa muku. Ni ma ku sa ni a addu'a, don gobe akwai wasa a dandalin unguwa, kuma ban san bayan wa zan tsaya ba.