Yatsu Huɗu da Zobe

Babanmu mai hoto ne. Duk layinmu da Tsaya-Cik aka san shi, don abin da yake ce wa duk wanda ya zauna a kujerar shagonsa ke nan. Ya fi shekara talatin yana ɗaukar mutane da kyamarar nan ta sha-yanzu-magani-yanzu, wadda take tofo hoto nan take. Haske ya walƙa, takarda ta fito ba komai a kanta, a tsaya ana kallo har fuska ta bayyana. Dokarsa ɗaya ce: ba a kaɗa hoto. Mutane kuwa da sun karɓa sai su hau fifita kamar masu hura gawayi, shi kuma ya doke hannu, ko na wane ne.

Mu biyu ya haifa, ni da Yaya, kuma tun muna ƙanana yake yi mana bayani. "Kun ga wannan faffaɗan bakin na ƙasan takardar hoton? Jaka ce cike da magani. In takarda ta bi ta tsakanin ƙarafan nan biyu masu murzawa, sai jakar ta fashe, maganin ya shimfiɗu a ciki, shi ne yake fito da hoton. Ba ya son kaɗawa, ba ya son matsa. Zafi kuwa maƙiyinsa ne." Na ji wannan magana ta fi sau ɗari, kuma duk lokacin da na ji ta Yaya yana tsaye kusa da ni. Ku riƙe wannan, don a kansa nake jin haushi har yau.

Da waya ta zo, kowa ya zama mai hoton kansa. Kyamarar Baba ta faɗi, idonta ya tsage, aka rasa mai gyara. Yaya ya karɓi shago, ya jibge injin kwafi da injin manna leda, ya fara amsa sunan Injiniya ba tare da ya taɓa gyara ko fanka ba. Duniyarsa ita ce leda. Takardar makaranta, katin shaida, har takardar da ya rubuta "a cire takalmi", duk sai sun bi ta wannan inji mai zafi. Da za ka tsaya a gabansa minti biyar ba motsi, kai ma sai ya rufe ka.

Baba aka tura shi ɗakin ajiya na bayan shago, wanda ba shi da taga. Wani zai kwanta ciwo don takaici, shi kuwa sai ya ce ya samu ɗakin duhu kyauta. Yana da ragowar fakitin takardun hoto a firij ɗin gida, gefen gorunan ruwa. Ya kwance ƙarafan murzawa daga matacciyar kyamarar, ya kafa su a kan katako. Sai ya rataya bargo a ƙofa, ya zaro takarda ɗaya cikin duhu da lalube, ya ɗora mata ganye ko mabuɗi ko gashin tsuntsu, ya kunna tocila ya kashe kamar ƙiftawar ido, ya murza takardar. Inda haske ya taɓa ya yi fari, inda abin ya tare ya zauna baƙi. Hoto ke nan ba kyamara. Na ga ganyen da kowace jijiyarsa ta fito. Yaya ya duba ya ce, "Baba, ai waɗannan ɓatattu ne, ba fuska ba komai."

Inna kuwa, shekara arba'in tana auren mai hoto ba ta taɓa zama a kujerarsa ba. Na katin shaida ma sai da aka kai ruwa rana, kuma ya ɓata tuntuni. In ya roƙe ta sai ta ce, "Mai hoto, kullum kana ganin fuskar nan, me za ka yi da ta takarda?" Da ciwo ya ci ƙarfinta, takarda ɗaya tak ta rage a firij. Wata rana da hantsi ya zauna a bakin gadonta ya sake roƙo.

"Ba fuska ba," in ji shi. "Hannu kawai."

Ta daɗe tana kallonsa. "In dai hannu ne, to. Auta, kama ni."

Ni na riƙe ta a cikin duhun, ina jin numfashinta a wuyana. Takardar ba ta kai faɗin tafin hannu ba, don haka yatsunta kawai ya jera a kai. Ya ce, "Tsaya cik," ta yi dariya, ya jira ta gama, sannan haske ya walƙa. Muka fito muka zauna a inuwa muna jira. A hankali yatsu huɗu suka fito baƙi, gefensu ja-ja inda haske ya ratsa fata, ga tudun zobenta, ga ƙaramin yatsan da ƙofa ta taɓa datsewa ya karkace. Inna ta ce, "Ashe haka suka tsufa ban sani ba." Bayan wata huɗu ta rasu.

Abin da ya rage mana nata ke nan. Baba ya sa shi a ambulan, ambulan a aljihun gaba. Ba ya barin rana ta taɓa shi, ba ya barin kowa ya riƙe sai ta gefe. Gefe ɗaya ya ɗan lanƙwashe saboda yawan fitarwa, kuma wannan 'yar lanƙwasar ce ta tsone wa Yaya ido.

Rannan Baba ya shiga wanka ya rataye rigarsa a ƙusa. Ni na kawo wa Yaya saƙo shago, tun daga ƙofa na ji warin leda mai zafi. Na ga ambulan ɗin a buɗe a kan tebur, injin yana tofo abin a hankali.

"Yaya, me ka sa a ciki?"

"Ke dai tsaya ki gani. So nake in ba tsohon mamaki."

Ya ɗauko da yatsu biyu yana kaɗawa don ya huce. Har kaɗawar sai da ya yi. Hoton ya kumbura, ya yi ƙuraje, maganin ciki ya narke ya malala. Jan gefen yatsun ya tafi, zoben ya tafi, komai ya koma ruwan ƙasa ɗaya.

Na ce, "Sau nawa Baba ya ce zafi maƙiyinsa ne? Sau nawa, a gabanka?"

"Na ɗauka na sabo ne kawai, wanda bai bushe ba." Muryarsa ta yi ƙasa. "Ai gyara na yi niyya, Auta."

Na san gyara ya yi niyya, shi ya fi ƙona mini rai. Da baƙo ne ya yi, sai in ce rashin sani. Wannan a shagon ya girma, kuma mutumin da ya san amsar yana bayan bango yana wanka. Tambaya ɗaya ce ya ga ya fi ƙarfinta. Garin neman gira ya rasa mana ido.

Baba ya shigo yana laluben aljihu. Ya ga ambulan, ya ga hannun Yaya. Na so ya yi faɗa, na so ya doke hannun nan kamar yadda yake doke na masu fifita. Bai yi ba. Ya karɓa ta gefe, ya matsa bakin ƙofa, ya daɗe yana dubawa.

Yaya ya ce, "Baba, yanzu dai ko ruwa ba zai shige shi ba."

"Haka ne," in ji Baba. "Wannan kam zai daɗe."

Sai ya kira ni. Ya ɗora ledar a kan tebur, ya kama hannuna na dama, ya jera yatsuna a kai ɗaya bayan ɗaya, daidai inda nata suke a da. Ya ɗan karkatar da ƙaramin, ya ja baya kaɗan ya duba.

"Naki sun fi nata tsawo," ya ce, sannan ya sake ni.